Shin akwai dabarar da ke cin kamfanin caca a gasar March Madness?

Ɗalibi a Indiana:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ranar Lahadi mai zuwa kwamitin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, zai fitar da sunayen jami'o'in da za su buga gasar ƙwallon kwando ta ƙarshen kaka, wadda ake kira March Madness, kuma a garin nan ba a zancen komai sai ita. A sashenmu an raba mana jadawalin hasashe, inda kowa zai canki wadda za ta ci kowane wasa har zuwa na ƙarshe, kuma ba a biyan ko sisi kafin a shiga, amma abokan karatuna da dama suna da manhajojin caca a wayoyinsu, kowannensu kuma da dabarar da yake rantsuwa da ita. Wani ya ce a riƙa bin ƙungiya mai lamba 12 duk lokacin da ta haɗu da mai lamba 5 (kwamiti yana jera ƙungiyoyin kowane ɓangare bisa ƙarfi, lamba 1 ce mafi ƙarfi, 16 mafi rauni). Wani ya ce a zagayen farko a ɗauki duk ƙungiyar da aka raina, tare da makin da kamfani ya ƙara mata. Wani kuma ya ce a haɗa manyan ƙungiyoyi biyar a tikiti ɗaya, tunda da wuya su faɗi da wuri. Ina roƙon masu ilimin lissafi da waɗanda suka daɗe suna bin wasan su bayyana mana ko akwai ƙamshin gaskiya a cikin waɗannan maganganu.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a taɓa kowace dabara, sai an fara fahimtar yadda kamfanin yake samun kuɗinsa, domin a nan ne yawancin mutane suke ruɗar kansu. A Amurka, farashin da aka saba sawa a kan caca ta tazarar maki, wato canka ko ƙungiya za ta ci da fiye da tazarar da kamfani ya sa ko ba za ta kai ba, shi ne mutum ya zuba dala 110 domin ya ci dala 100. Mu ƙaddara mutum biyu sun saɓa a kan wasa ɗaya, kowannensu ya zuba 110. Kamfani ya karɓi 220, ya biya wanda ya ci 210, ya riƙe 10, kuma bai damu da wadda ta yi nasara ba. Abin da wannan yake nufi shi ne, wanda yake canka daidai rabin lokaci yana cikin asara, kuma sai ya canka daidai a kashi 52.4 cikin 100 na wasannin da ya taɓa kafin ya dawo da uwar kuɗinsa kawai.

Dabarar haɗa ƙungiyoyi a tikiti ɗaya ita ce mafi muni a cikin ukun, domin ladan kamfani yana ƙaruwa da kowane wasa da aka ƙara. Idan ka haɗa wasanni biyar a wancan farashi, kamfani zai biya ka kusan ninki 25 na abin da ka zuba, alhali damar dukkansu su zo daidai ɗaya ce cikin 32. Ka ga ladan da yake ƙasa da kashi 5 cikin 100 a wasa guda ya haura kashi 20. Idan wasannin goma ne, ya kai wajen kashi 37. Ba banza ba kamfanonin suke tallata irin wannan tikiti fiye da kowane iri.

Baban Amira:
Malam, lissafinka ba shi da tangarɗa, amma ya ginu ne a kan cewa kowane wasa rabi da rabi ne, kamar jefa kwabo. Ai ba haka ba ne ga wanda ya san wasan. Akwai ƙididdigar Ken Pomeroy, wadda take auna yawan makin da ƙungiya take ci da wanda ake cinta a cikin kowane hari 100, bayan an yi la'akari da ƙarfin abokan karawarta. Wanda ya bi wannan ƙididdiga a 2023 ya san cewa UConn, wato jami'ar Connecticut, ta fi ƙarfin lamba 4 da kwamiti ya ba ta. Ta ɗauki kofi a shekarar, ta sake ɗauka a 2024, kuma a wasanni 12 a jere babu wanda ta ci da tazarar da ta gaza maki 13. Wanda ya bi ta a waɗannan shekaru biyu bai jefa kwabo ba, ilimi ya yi amfani da shi.

Malamin Lissafi:
Baban Amira, ban ce ilimi ba shi da amfani ba. Cewa na yi kamfani ma yana da shi. Shafin Pomeroy a buɗe yake ga duk mai iya biyan kuɗin rajista, kuma masu tsara farashi sun riga ka karanta shi. Tazarar da suke sawa ba ta bin lambar da kwamiti ya bayar, tana bin irin wannan ƙididdiga ne, sannan manyan masu caca su zuba kuɗi su gyara ɗan kuskuren da ya rage kafin a fara wasa. Misalin UConn kuma an zaɓo shi ne bayan an ga sakamako. Wanda ya ci gaba da bin ta a 2025 ya ga Florida ta fitar da ita a zagaye na biyu.

Akwai kuma abin da ya sa wannan gasa take yaudarar mutane fiye da sauran: gajeriya ce. A 2025 wasanni 67 ne kacal aka buga a cikin mako uku. A ce mutum ya taɓa 30 daga ciki. Wanda bai san komai ba, yana jefa kwabo zalla, yana da damar kusan kashi 43 cikin 100 ta fita da riba. Gwani na gaske, wanda yake canka daidai a kashi 55, zai iya fita da asara kusan sau ɗaya cikin uku. Saboda haka idan abokin karatun ɗan'uwanmu ya ce dabararsa ta yi aiki bara, bai kawo wata hujja ba tukuna.

Koci Mai Ritaya:
Bari in taɓa maganar lamba 12 da lamba 5, domin ita ce aka fi yayatawa. Gaskiya ne cewa tun da aka mai da gasar ƙungiyoyi 64 a 1985, mai lamba 12 tana cin wajen wasa ɗaya cikin uku. A 2019 uku daga cikin huɗun sun ci: Murray State ta Ja Morant ta doke Marquette, Oregon ta doke Wisconsin, Liberty ta doke Mississippi State. Amma a 2023 babu ko ɗaya da ta ci. Dalilin da ya sa ake yawan ganin haka ba sihiri ba ne. Mai lamba 12 sau da yawa zakaran wani ƙaramin rukunin jami'o'in da ke karawa da juna a cikin kaka ce, mai 'yan wasan da suka yi shekara uku ko huɗu tare, suna haɗuwa da babbar jami'ar da ta gama a tsakiyar rukuninta. Bambancin ƙarfinsu bai kai yadda lambobin suke nunawa ba.

Sai dai ina tare da Malam a kan cewa kamfani ya san wannan. A 2025 Colorado State tana lamba 12, Memphis tana lamba 5, amma kamfanonin caca Colorado State suka fifita tun kafin a fara wasa, kuma ita ta ci. A jadawali abin ya yi kama da abin mamaki, a wurin masu tsara farashi kuwa abin da aka zata ne ya faru. Wanda ya zo da "sirrin lamba 12" ya tarar an riga an sa sirrin a cikin farashi.

Alhaji Na Bakin Kasuwa:
Ni ban ga dalilin da za a zauna ana tattauna dabarun caca a zauren da mafi yawanmu Musulmi ne ba. Allah ya haɗa caca da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya ce a nisance su. Ko lissafi ya nuna riba ko ya nuna asara, hukuncin bai canja ba. Muna ganin abin da shagunan caca na ƙwallon ƙafa suka yi wa samarinmu a unguwanni, ba sai an ƙaro mana ta Amurka ba.

Shugaban Zaure:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, tunatarwarka ta isa kuma babu mai jayayya da ita. Na bar zaren ne domin har yanzu babu wanda ya kira kowa zuwa ga caca, kuma yaranmu da suke karatu a can suna jin waɗannan dabaru kullum, gara su ji amsarsu daga wanda ya san lissafin. Amma ina gargaɗi: duk wanda ya saka adireshin wani kamfanin caca ko ya ce "ga wasan da za a bi yau", zan goge saƙonsa.

Malam Mai Almajirai:
Ina so in raba abu biyu da ɗan'uwanmu ya haɗa a tambayarsa. Jadawalin da ba a zuba kuɗi kafin a shiga, kuma ko da akwai kyauta daga wani ta fito ba daga aljihun mahalarta ba, bai ɗauki siffar caca ba, domin babu wanda ya ci dukiyar ɗan'uwansa bisa sa'a. Amma da zarar an ce kowa ya kawo dala biyar, wanda ya fi maki ya kwashe, to caca ce, ko da an kira ta wasan ofis, kuma ƙanƙantar kuɗin ba ta sauya sunanta. Ɗalibi, ka tabbatar da wane iri ne naku kafin ka rubuta sunanka.

Ɗalibi a Indiana:
Allah ya gafarta Malam, babu kuɗin shiga ko kaɗan, kyautar ma wani ƙaramin kofi ne da shugaban sashe ya saya. Mu wajen 100 ne za mu shiga.

Malamin Lissafi:
To a nan ne maganar dabara take da ma'ana, domin a jadawali ba da kamfani kake karawa ba, da abokan karatunka kake yi, su kuma suna kuskuren da za a iya hangowa. Da farko ka cire ran cika jadawali ba kuskure. Wasanni 63 ake cankawa, ban da na share fage, hanyoyin cike su kuwa 9,223,372,036,854,775,808 ne. A 2014 Warren Buffett ya tsaya wa kyautar dala biliyan ɗaya ga duk wanda ya canka duka, babu wanda ya ko kusanta. Mafi tsawon da aka tabbatar shi ne na wani mutumin Ohio da ya canka wasanni 49 na farko a 2019.

Abu na biyu shi ne yadda ake ba da maki. A tsarin da aka fi amfani da shi, irin na tashar wasanni ta ESPN, wasan zagayen farko maki 10 ne, kuma makin yana ninkawa kowane zagaye har ya kai 320 ga wanda ya canka zakara. Wato canka zakara shi kaɗai daidai yake da canka dukkan wasanni 32 na zagayen farko. Mutane suna kashe kwana uku suna tunanin wace ƙaramar jami'a ce za ta ba da mamaki ranar Alhamis, alhali nasara tana wurin ƙungiyoyi huɗun ƙarshe.

Abu na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba: ba ƙungiyar da ta fi ƙarfi kawai ake nema ba, ana neman wadda ƙarfinta ya fi farin jininta. Mu ƙaddara wata ƙungiya tana da damar kashi 20 ta ɗaukar kofi, kuma mutum 35 cikin ku 100 sun zaɓe ta. Wata kuma tana da kashi 15, amma mutum 6 ne suka zaɓe ta. Idan ta farko ta ci, sai ka yi takara da mutum 34 a kan sauran maki. Idan ta biyun ta ci, da mutum biyar kawai za ka yi. Damarka ta zama na ɗaya ta fi ninki huɗu idan ka ɗauki ta biyun, duk da cewa ta ɗan fi rauni. Kai da kake Indiana, ka san cewa rabin sashenku za su kai Purdue, jami'ar jiharku, nesa saboda ƙauna, to ka yi amfani da wannan.

Baban Amira:
A nan na yarda da kai, Malam, amma kada yaron ya ɗauka cewa ana nufin ya ɗauko wata lamba 9 ya ba ta kofi. Daga 1985 zuwa 2025 an buga gasar sau 40, tunda an soke ta 2020 saboda annobar korona, kuma masu lamba 1 sun ɗauki kofi sau 26. Mafi ƙanƙantar lamba da ta taɓa ɗauka ita ce Villanova mai lamba 8 a 1985, kuma sai da ta jefa kusan kashi 79 cikin 100 na ƙwallayenta a raga kafin ta doke Georgetown da maki biyu. Mai lamba 5 ma a duk tsawon waɗannan shekaru ba ta ɗauka ba. Saɓa wa jama'a yana nufin ka zaɓi ta uku ko ta huɗu a ƙarfi maimakon ta farko, ba ka bar hankali ba.

Maman Yusra:
Yayyena, ku yi mini izini in kawo wani ɓangare da ba a taɓa ba, domin ina aiki a wata jami'a a nan Amurka kuma ina ganin waɗannan yara. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, a watan Mayun 2018, abin ya shigo har ɗakunan kwanan ɗalibai. Mafi haɗari shi ne cacar da ake yi a kan ɗan wasa ɗaya, cewa zai ci maki kaza ko ba zai kai ba. Yaro ɗan shekara 19 ya ɓarar da jifar kyauta, kafin ya isa ɗakin sauya kaya wayarsa ta cika da zagi da barazana daga mutanen da suka yi asara. Shi ya sa shugaban NCAA, Charlie Baker, ya nemi jihohi su hana irin wannan caca a 2024, kuma Ohio da Maryland da Vermont da Louisiana sun hana.

Masu maganar dabarar tazarar maki kuma su sani cewa ita ce ta haifi mafi munin abin kunya a tarihin wasan. City College of New York ta ɗauki kofin NCAA da na NIT, wata gasar jami'o'i ta daban, duka a 1950, shekara guda bayan haka aka kama 'yan wasanta da karɓar kuɗi domin su rage tazara. An sake ganin irinsa a Boston College a kakar 1978 zuwa 1979, a Tulane kuwa sai da aka rufe ƙungiyar gaba ɗaya a 1985 na wasu shekaru. Ɗan wasa ba sai ya sa an ci ƙungiyarsa ba, ya isa ya bar su ci da maki 6 maimakon 10. Mai nazarin ƙididdiga a gida ba shi da hanyar ganin wannan.

Koci Mai Ritaya:
Hajiya ta taɓo abin da ya kawo ni kan dabara ta biyu, ta ɗaukar wadda aka raina tare da ƙarin maki. Ko babu maguɗi, mintin ƙarshe na wasan jami'o'i ba ya bin hankali. Ƙungiyar da ake ci tana yin keta da gangan domin ta tsayar da agogo, kuma daga keta ta bakwai a kowane rabin lokaci ana ba da jifar kyauta wadda sai ta farko ta shiga ake yin ta biyu, daga ta goma kuma jifa biyu ne kai tsaye. Wasan da yake da tazarar maki 4 saura daƙiƙa 40 zai iya ƙarewa da 11, ko kuma koci ya fitar da manyan 'yan wasansa tazarar 20 ta koma 13. Wanda ya zuba kuɗi a kan tazara ya rataya dukiyarsa a kan daƙiƙun da su kansu 'yan wasan sun daina damuwa da su.

Abin da yake da tushe a wasan, kuma zai taimaki mai cike jadawali, shi ne sanin irin babbar ƙungiyar da take faɗuwa da wuri. Wasan minti 40 ne, ba 48 irin na NBA ba, kuma faɗuwa ɗaya ce take kora mutum gida. Ƙungiyar da take wasa a hankali tana rage yawan hare-hare, ƙarancin hare-hare kuma yana ba mai rauni dama. Virginia ta 2018 tana cikin mafiya jinkirin wasa a ƙasar, ta kuma rasa De'Andre Hunter saboda karaya a wuyan hannu dab da gasar, sai UMBC ta ci ta 74 da 54, karon farko da lamba 16 ta doke lamba 1 a gasar maza. Purdue ta 2023 ta dogara ne da Zach Edey a ƙarƙashin raga, sai Fairleigh Dickinson, wadda 'yan wasanta suka fi na kowa gajarta a babban matakin wasan jami'o'i, ta taru a kansa ta bar sauran su yi ta jifa daga nesa. Biyar kacal suka shiga cikin 26, aka tashi 63 da 58. Af, kuma Virginia ta dawo ta ɗauki kofi a 2019, Purdue ta kai wasan ƙarshe a 2024, saboda haka wanda ya guje su don abin da ya faru bara shi ma ya yi asarar maki.

Baban Amira:
Koci, ni ina ganin zamanin irin waɗannan abubuwan mamaki yana raguwa. Tun 2021 da aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu, aka kuma sauƙaƙa sauya jami'a, duk yaron da ya yi fice a ƙaramar makaranta babba ce take ɗauke shi kafin shekara ta zagayo. Dubi 2025: duk ƙungiyoyi 16 da suka rage bayan makon farko daga manyan rukunoni huɗu suka fito, kuma masu lamba 1 huɗun duka, Florida da Houston da Duke da Auburn, suka kai matakin kusa da ƙarshe. Da ni ne Ɗalibi, manya zan bi kawai.

Malamin Lissafi:
Dalilinka yana da ƙarfi, amma shekara ɗaya ce ka kawo. Kafin 2025, sau ɗaya tak aka ga masu lamba 1 huɗu sun kai wannan mataki, a 2008. Sannan a 2023, shekara biyu bayan dokar da kake magana, babu mai lamba 1 ko guda da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas, kuma Florida Atlantic mai lamba 9 ta kai huɗun ƙarshe. A 2024 NC State mai lamba 11 ta kai. Kuma idan kowa a sashensu ya yi tunani irin naka ya cika jadawalinsa da masu lamba 1, to wanda ya bar ɗaya daga cikinsu ya ɗauki mai lamba 2 ko 3 mai ƙarfi shi ne yake da abin da saura ba su da shi.

Baban Amira:
A rukunin mutum 10 ba zan yarda da kai ba, manya sun ishe shi. A rukunin mutum 100 kuwa na yarda ya saɓa a wuri ɗaya ko biyu, amma ba fiye da haka ba.

Koci Mai Ritaya:
Ɗalibi, ko wace hanya ka ɗauka tsakanin tasu, kada ka miƙa jadawalinka ranar Lahadi da dare. Ana rufe shiga ne da fara wasan farko na ranar Alhamis, kuma tsakanin nan da can labaran rauni suke fitowa, ga kuma wasannin share fage da aka saba yi ranakun Talata da Laraba, waɗanda VCU ta fito daga cikinsu a 2011 da UCLA a 2021 har suka kai huɗun ƙarshe. A shekarar 2000 Cincinnati ce take kan gaba a ƙasar, sai Kenyon Martin ya karye a ƙafa a gasar rukuninsu, kwamiti ya sauko da ita lamba 2, Tulsa ta fitar da ita a zagaye na biyu. Ka duba lafiyar mai raba ƙwallo na kowace ƙungiyar da kake son kaiwa nesa, sannan ka leƙa shafin ESPN da safiyar Alhamis, domin suna nuna kashi nawa na jama'a suka zaɓi kowace ƙungiya.